Azumin da Na Hana Cin Jirjir ɗin Yaya Haruna

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen biki da zaman makoki, tun daga Kalakla har Dar Salam: wai ubanku ne ya kashe gonar yayansa. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabana, amma ina gani a yadda ake saurin canza zance idan na shigo. 'Ya'yan baffanku Haruna ma haka suka sani, kuma ban ga laifinsu ba, abin da idonsu ya gani ke nan suna yara. Na daɗe ina cewa shiru ya fi, uwarku tana cewa shirun nan shi ya ba zancen ƙafa. Wataƙila ita ce mai gaskiya. Yanzu Yaya ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara ƙin tashi, don haka zan faɗa muku yadda aka yi, iya abin da na sani. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba. Amma kada ku zaci da sanyin rai nake rubuta wannan. Na tsufa, haushin bai tsufa ba.

Kakanku a Jazira, yankin gonakin auduga da ke kudu da Khartum, ya ƙarar da ƙarfinsa, yana tsince audugar wasu. A kambo aka haife mu, wato 'yan bukkokin leburori da ke raɓe a gefen gonaki, kuma har ya mutu bai mallaki ƙasar da za ta ishi akuya kwanciya ba. Ruwanmu ɗaya ne, tur'a, magudanar da ke kawo ruwan Nilu cikin gonaki. A nan ake sha, a nan ake wanka da alwala, a nan mata ke tsoma ganye kafin a kai kasuwa. Abin da aka koya mana shi ne ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta. Wanda bai tashi a bakin tur'a ba, da wuya ya gane abin da ya biyo baya. Da Baba ya rasu muka tattaro muka dawo Kalakla, unguwar da ke gefen Khartum, da Inna. Yaya Haruna ya kama keken jaki a kasuwa, ni aka bar ni a makaranta har na gama jami'a, na karanta ƙasa da ruwa, na samu aiki a wani ofis da ke kula da ruwan dattin birni. A gida ba mai kirana Salihu sai Inna. Kowa Yimkin yake ce mini, wato "wataƙila" da Larabci, domin wai ko tambayata aka yi rana za ta fito gobe, sai na ce ya danganta.

Ruwan da nake magana a kai shi ne wanda ke fitowa daga bayan gida da wurin wanka na tsakiyar Khartum. Ana jansa can kudu da gari, a zuba shi a manyan tafkuna a jere. A na farko dauɗa ta kwanta, a na gaba injuna su riƙa kaɗa shi iska ta shiga, rana ta yi nata aikin, a ƙarshe a sa magani. In komai ya tafi daidai, sai ya fito garau ba wari. A ƙasa irin tamu, inda damina ba ta daɗewa, inda Nilu yake kusa da ido amma nesa da wanda ba shi da injin ja, zubar da irin wannan ruwa a fako asara ce babba. Na yarda da haka a lokacin, na yarda da haka yau. Sai dai yana da iyaka. Ciyawar dabbobi da itatuwa babu laifi. Ganyen da ake ci ɗanye kuwa a'a, haka nan sa ruwan a baki.

A shekarar da nake ba ku labari, ofishinmu ya yarda a bar wasu iyalai marasa ƙarfi su noma fakon da ke bakin magudanar, a matsayin gwaji. Magana ce ta baki, ba wani abu da za a riƙe, kuma na gaya wa Yaya hakan tun ranar farko. Na same shi zaune a tsakar gida yana gyara ragamar jakinsa.

"Ƙasa?" in ji shi. "A hannuna, ba mai tsaya mini a ka?"

"Ina jin haka ne, Yaya. Amma fa gwaji ne, ana iya..."

"Inna, kin ji ɗanki. Ya kawo mini rago yana ba ni haƙuri kan ƙaho. Ya zol, mutumina, ruwan yana gudu ko ba ya gudu?"

"Yana gudu."

"To halas, magana ta ƙare."

Inna ta ja gefen mayafi ta share ido, ta ce ina ma Baba yana raye.

Mutanenmu ba su sa fartanya ba sai da suka kai Faki Musa, limamin layinmu, ya ga ruwan. Dattijo ne mai tsoron Allah, ba zan faɗi mummuna a kansa ba. Ya ɗebo a kofi, ya ɗaga shi sama ya duba, ya shinshina, ya taɓa a bakin harshe ya tofar. Ya ce abin da ya karanta shi ne ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa ba su canza ba, wannan kuwa bai ga abin da ya canza ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba na ja da kai kan alwala, fanninka ne. Amma akwai abin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Don Allah kada a kurkure baki da shi, kada a shuka ganyen da ake ci ɗanye. Ban ce lallai zai yi illa ba, amma zai iya."

Wani daga baya ya ce, "Yimkin ya hau mumbari."

Aka kwashe da dariya, har da Yaya. Sun ji "mai tsarki" daga bakin Faki, sun ji "zai iya" daga nawa, suka ɗauki wadda ta yi daidai da abin da suka taso a kai. Na sake faɗa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, na bi gona gona na faɗa. Duk wanda ya ce muku ban yi gargaɗi ba ƙarya yake, kuma ya san ƙarya yake.

Shukar farko abu sab'in ce, irin dawar nan da ake yanka ɗanya a ba shanu da awaki. Ta yi kyau har masu madara suna zuwa da motocinsu tun daga Omdurman. Yaya ya sayar da jakin, ya kafa rumfa a tsakiyar gonar. Ban taɓa ganinsa haka ba. Mutumin da ya saba tafiya kai a sunkuye saboda buhu, sai ga shi tsaye a kan kunya, hannu a ƙugu, yana daka wa tsuntsaye tsawa. Ya ɗauko Inna a motar haya don kawai ta gani, ta zauna a rumfar ta ƙi tashi har rana ta yi sanyi. Da azumi ya matso, matarsa Zainabu ta lura abin da ke tafiya a kasuwa jirjir ne, ganyen nan mai ɗan yaji da ba gidan da ke buɗa baki babu shi. Yana fitowa da wuri, ba ya son fili da yawa. Suka yi 'yan fangali a bayan dawar, inda ba a hango su daga hanya. Da safe a yanka, a ɗaure dami dami, a tsoma a magudanar ya yi shar, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, daidai yadda uwayenmu suke yi a tur'a. Maƙwabtan gona suka gani suka bi.

Ko a hakan, da ruwan ya tsaya yadda aka tsara shi, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma da zafi ya kankama wuta ta riƙa ɗaukewa, injunan kaɗa ruwa su wuni tsit. Maganin ya ƙare, aka ce yana hanya. Birni kuwa bai daina zagawa bayan gida ba. Tafkuna suka cika suna neman ɓallewa, sai aka riƙa buɗe wata ƙofar gefe, ɗanyen ruwa ya kewaye tafkunan ya faɗa magudanar da ke zuwa gonaki, ya gauraya da mai kyau. Ba wanda aka aika ya gaya wa manoma. Ko mutum ɗaya. Na samu mudir, shugaban ofishinmu, ya ce ma'alesh, in yi haƙuri, kwana kaɗan ne, kada in tayar wa mutane da hankali. Daga ofishinsa gona na wuce, na tarar da Yaya tsugune a bakin magudanar yana alwalar la'asar.

"Yaya, ruwan yau ba irin na da ba ne. An buɗe gefe. Ka tuge jirjir ɗin nan."

Ya ɗebo a tafin hannu ya nuna mini. "Ya ɗan yi duhu. Tur'a ma tana duhu da damina, Faki ya ce in laka ce ba laifi. Ka ga ganyen kuwa? Tun da ya yi duhun nan ya ƙara kyau."

"Ai shi ya sa ya ƙara kyau, Yaya!"

"Ka tabbata zai kashe mutum?"

"Ban ce zai kashe ba. Amma..."

"To in ka tabbata ka dawo."

Azumi bai yi nisa ba gudawa ta shiga layinmu. Inna ta kwanta, yara da dama suka kwanta. Ba zan rantse cewa jirjir ne ba. Zafi ne mai tsanani, ƙanƙarar da ake saye a jefa a abin sha ma ba wanda ya san ruwan da aka yi ta da shi. Amma ni na tsaya a bakin ƙofar gefe, na ga abin da ke wucewa ta cikinta da idona.

Kun san yadda ake buɗa baki a wurinmu. A shimfiɗa tabarmi a bakin titi, kowane gida ya fito da tirensa, a tare masu wucewa, har a sha gaban mota a ce sai an sauko. Ranar an tsayar da wata ƙaramar bas mai zuwa Jabal Auliya, baƙi suka sauko suka zauna a tsakaninmu, cikinsu har da wani tsoho wanda rawaninsa ya sha ƙura. Tiren gidan Yaya ya iso, tuwo da miya, ga babban kwano na jirjir da tumatir da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Aka kira salla, aka ci dabino, aka sha ruwa. Yaya ya turo kwanon gabana da bayan hannu.

"Ci, Yimkin. Wannan ba na wani ba ne, na gidan ubanka ne."

Na janye hannuna. Da iyakar abin ke nan da ya wuce, don Yaya ya gani ya yi kamar bai gani ba. Sai tsohon baƙon nan ya miƙa hannu. Mutumin da muka tare a hanya da sunan Allah, bai san mu ba, bai san inda ganyen ya fito ba. Na riƙe wuyan hannunsa.

"Baba, bar wannan. Jama'a, ku bar jirjir ɗin nan. Ɗanyen ruwan bayan gida ya sha, a cikinsa kuma aka wanke shi."

Da Larabci na faɗa, domin baƙin ba sa jin Hausa, kuma su ne hannunsu ke cikin kwanon. Wani ya juya ya tofar da abin da ke bakinsa a bayan tabarma. Yaya ya miƙe ya ɗauki kwanon da kansa, ga yara tsaye amma bai kira ko ɗaya ba. Ya dube ni, ya yi magana da Hausa, a hankali.

"Da Larabci, Salihu. A gaban baƙi."

Ya shige gida, bai fito sallar magariba ba. Da na shiga duba Inna, labari ya riga ni. Tana kwance ko juyowa ba ta yi ba.

"Ba ka da bakin jan ɗan'uwanka gefe?"

"Na ja shi, Inna."

"Sai ka sake ja. Wa ya ce maka ana gajiya?"

Washegari na koma wurin mudir. Na tarar da wani babba daga sama a ofishinsa suna hira, na ce gara ma, a ji a gaban shaida. Abin da na roƙa bai taka kara ya karya ba. Na ce in gyaran inji ya gagara, to duk ranar da za a buɗe gefe a aika mutum ya faɗa, ko a ɗaga jan ƙyalle a kan sanda, manoma su hango su toshe bakin gonakinsu har ɗanyen ruwan ya wuce. Babban ya tambaya mene ne na gaggawa, ai ciyawa ce, shanu ba sa kai ƙara. Na auna amsar kafin in ba da ita, na san tana da kaifi. Amma in ban faɗa ba, ba abin da zai motsa, ganyen kuma yana shiga kasuwa kowace safiya. Na ce akwai jirjir.

Mudir ya dubi baƙonsa ya yi dariya.

"Ka ji ko? Fallata ke nan. Ka ba su ruwan ciyawa, su ciyar da birni ƙazanta." Fallata shi ne sunan da suke kiran irinmu masu asalin yamma, in suna so su nuna mu ba 'yan ƙasa ba ne. Ya juyo wurina. "Ai danginka ne, ya ustaz, ko ba haka ba?"

Na ce dangina ne. Na ce a ƙasar nan aka haife su, a nan aka binne ubansu, kuma ba su ne suka buɗe ƙofar gefe ba. Ba wanda ya tambayi ina maganin da aka ce yana hanya, ba wanda ya tambayi wa ya ba da umarnin a sako wa mutane ɗanyen ruwa ba sanarwa. Cikin duk abin da na faɗa a ɗakin nan, kalma ɗaya suka tsinta suka sa a aljihu. A ƙasar nan gyaran inji sai ya shekara yana jiran sa hannu, korar talaka kuwa kafin azahar an gama. Jan ƙyalle na roƙa, jama'a! Tsumma a kan sanda! Bayan salla da 'yan kwanaki motar ture ƙasa ta zo ta toshe bakin magudanar, aka ce duk iyalan su tashi, wanda ya shuka jirjir da wanda bai shuka ba.

Dawar Yaya a lokacin sabuwar shuka ce, ba ta wuce gwiwa ba. Duk manomi ya san abu sab'in in tana ƙarama ta ji ƙishirwa, dafi take zama, dabbar da ta ci sai ta faɗi. Ruwa take so ta ɗaga ta isa yanka. Tun ranar tabarma Yaya bai yi mini magana ba, sai ga shi a ƙofar ofishinmu, mai gadi ya hana shi shiga, yana tsaye a rana.

"Ban zo gaisuwa ba," in ji shi. "Shayarwa ɗaya. A buɗe mini ta sha sau ɗaya, in yanka in tashi. Ka je ka faɗa musu da Larabcinka."

Na shiga. Na roƙi mudir irin roƙon da ban taɓa yi wa mutum ba.

"Kai da bakinka ka ce haɗari ne."

"Jirjir na ce, ranka ya daɗe. Ban ce dawa ba. Dawa tun farko don ita aka ba da ruwan."

"Ni ba ni da lokacin rarrabe ganye."

Da na fito ban kai ga buɗa baki ba. Yaya ya dubi fuskata ya juya ya tafi. Dawar ta yi yaushi a tsaye. Wani dillali ya taya, ya ce zai haɗa ta da mai kyau ya sayar ba wanda zai gane. Yaya ya kore shi, ya ce ba zai kashe akuyar marainiya ba, ya bari ta bushe ya sa mata wuta. Wannan shi ne mutumin da aka ce yana ciyar da birni ƙazanta. Ina so ku san wannan ma game da baffanku, kuma ku gaya wa 'ya'yansa daga bakina kuka ji.

Ba a daɗe ba aka kewaye filin da waya, wani kamfani ya karɓa. Ruwan bai canza ba, ƙofar gefe ma ba ta canza ba, ana ɗaure ciyawa a manyan motoci a nufi bakin teku da ita. Ban ce tun farko aka shirya ba, ba ni da shaida. Abin da zan iya cewa shi ne ƙasar ta yi daraja bayan talakawa sun nuna tana haihuwa, ana jiran dalili, kuma bakina ne ya bayar da shi. Ni aka mai da ni wani ɗaki inda ba ruwa ba gona, na zauna har na bar aikin. Masu cewa da na yi shiru, na san su ɗaya bayan ɗaya, da yawansu su ne suka fara tofarwa a bayan tabarma, su ne suka hana matansu sayen ko albasa a hannun Zainabu. Sun bar wanda ya sako ɗanyen ruwa, sun bar wanda ya aiko motar ture ƙasa, domin waɗannan ba a haɗuwa da su a gidan suna. Ni ake haɗuwa da ni. Na sha juya abin a raina, ko akwai wata hanyar da ban gani ba. Mai yiwuwa akwai. Amma ku mai da ni kan tabarmar nan yau, tsohon nan ya miƙa hannu, wallahi zan sake riƙewa.

Zaman Kalakla ya gagari Yaya. Ba jaki, ba gona, ga sunan da aka laƙaba masa a kasuwa. Ya kwashe iyalinsa ya ƙetare kogi zuwa Dar Salam, can bayan Omdurman, ya kama buga tubalin laka yana sayarwa. Inna ta bi shi, ta ce shi ya fi bukatarta. Da babbar salla na shirya na tafi, na canza mota har na gaji, na ƙarasa da ƙafa. Na same shi a bayan gida yana cuɗa laka da ƙafafunsa, da ruwan da yake saye a ganga daga masu keken jaki. Na yi zaton zai zage ni, har na shirya abin da zan ce. Sai ya fito daga cikin lakar, ya wanke hannu da ƙafa, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma a inuwa, irin wadda ake ajiyewa don baƙo. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya. Bashmuhandis yake ce mini, babban injiniya, kiran da ake yi wa ma'aikacin gwamnati in ya zo duba unguwa. Ya leƙa ciki ya ce a kawo wa Bashmuhandis shayi.

Na ce, "Yaya, ni ne fa."

"Na gane ka."

Aka kawo shayin a kofin gilashi mai zanen zinariya. Ya karɓa ya ajiye a gabana da hannu biyu.

"Sha, ya Bashmuhandis, kada ka ji komai. An tafasa ruwan."

Na sha. Ya raka ni har bakin hanya, ya tsaya sai da na samu mota. Haka ya karɓe ni kowace salla, da sabuwar tabarma da kofin baƙi, har ranar da na ɗauki makararsa.